Jinin Buvi Ya Tona Mata Asiri

Sunan kakata Sharofat, amma ba na jin akwai wanda ya ƙara kiranta da shi tun da kakanmu ya rasu. Mu jikoki Buvi muke ce mata, wato kaka, duk unguwa ma Buvi suke cewa, har limaminmu da furfurarsa. Dalili kuwa, kusan duk wanda aka haifa a unguwarmu ta bayan kasuwar Rishton ita ta fara ɗaure shi a beshik, gadon lilon jarirai. Ba kowace mace ake ba wannan aikin ba, sai tsohuwar da ta haihu da yawa kuma 'ya'yan suka rayu. Buvi tara ta haifa, takwas na nan da ransu, kuma duk tana tsintar auduga ta haife su, ita da bakinta take cewa babana saura kaɗan ya faɗo cikin buhu.

'Yar ƙarama ce, in ta tsaya kanta a kafaɗata yake, amma muryarta sai ka ji ta daga bakin titi. Ba ta zama a kujera, ba ta kwana a gado, komai nata a ƙasa take yi a kan shimfiɗa, cin abinci, ɗinki, salla, faɗa. A aljihun rigarta kullum akwai alewa da 'yar wuƙa, alewar ta yara ce, wuƙar ta yanka rumman ce, wani lokaci kuma ta nuna wa samarin da ke tsayawa ƙofar gidanmu. Bakinta ba linzami. Amma in aka miƙa mata jariri, wallahi sai ka ga wata mata daban, hannuwan nan da suka yi kaushi sai su yi laushi, yaron da ya kwana yana tsala ihu sai ya yi shiru yana kallonta.

Ni ce Zebo, shekarata sha shida, na bar makaranta ina taya maƙwabciyarmu sa maɓalli a shagon ɗinkinta, shi ya sa da abin ya faru ni aka tura jinya. Baba na aiki a Rasha, Mama kuma gida ya cika mata da baƙi.

Abin da ya faru shi ne matar Yaya Sanjar, wato Dilafruz, ta haifi namiji. Tattaɓa kunnen Buvi na farko kenan a cikin gidanmu. Ta ɗaure 'ya'yan mutane ba iyaka, yanzu nata ya zo. Aka tsayar da ranar da dangin mai jego za su kawo beshik bayan arba'in, aka gaya wa mutane, surukan Yaya har sun ɗaure rago. Saura kamar sati uku Buvi ta ɗauko ɗan benci ta taka, wai za ta zaro wani ɗan bargo da ta ɗinka tun tuni daga can saman tulin barguna da ke kan adaka. Da ta kira ni da na zaro mata. Ba ta kira ba. Ina tsakar gida ina wanke inabi na ji ƙara, na shigo na same ta a ƙasa, barguna sun rufe ta, ƙafarta ɗaya ta juya waje kamar ba tata ba, tana zagin bencin har kakan kafintan da ya yi shi.

A asibitin gunduma aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye daga sama, sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Likitan ƙashin wani dogo ne mai sanƙo, sunansa Eldor. Yana shigowa Buvi ta ƙura masa ido ta ce, “Kai ba ɗan Mastura mai gurasa ba ne?”

Ya ce, “Ni ne, Buvi.”

“Kai ne za ka yanka ni? Kai da ka yi mini fitsari a hannun riga ranar da na ɗaure ka?”

Nas ɗin da ke bayansa ta toshe baki. Shi kuwa ko gezau, ya ce, “To yau zan biya ku wankin rigar.”

Aka yi aiki lafiya. Washegari ma sai ga su sun zo sun zaunar da ita bakin gado, tana ihu tana cewa kashe ta za su yi, suna cewa kwanciyar ce za ta kashe ta. Sannan kusan kullum da safe nas ta zo ta ɗebi jini a hannunta. Buvi ta ce sayarwa suke yi. Ni ma ban gane ba, sai na tare Likita Eldor a baranda na tambaye shi, ya tsaya ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ya ce akwai wani abu a cikin jini da suke aunawa, es-er-be suke ce masa, in jiki na fama da kumburi ko ciwo a wani wuri sai ya hau. Ya ce bayan tiyata dole ya hau ga kowa, don yanka ai ciwo ne, kada in tsorata in na ji lamba babba a kwanakin farko. Abin da suke so shi ne ya kai ƙarshen hawansa ya juyo ya dinga sauka. In ya dinga sauka, jiki na warkewa. In kuwa ya sauka ya sake juyawa sama, to akwai abin da ke ɓoye, sai an nemo shi.

Na koma na gaya wa Buvi. Ta ce, “Wato jinin nawa ne ke kai musu gulmata?”

Na ce, “Haka dai ya ce.”

“Munafuki. Shekara tamanin ina ciyar da shi.”

Daga ranar sunan gwajin ya zama munafuki a ɗakinmu, har sauran matan da ke kwance suka ɗauka, nas na shigowa da allura sai ka ji an ce ga mai ɗaukar munafuki nan. Da farko ya haura ɗari da hamsin, Mama ta ji a waya ta fara kuka, na ce mata ai an ce dole ne. Sai ya fara sauka, ya zo ɗari, ya zo sittin, ya zo arba'in da wani abu. Buvi ta fara takawa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Likita ya ce in aka ci gaba haka za ta koma gida da sauran lokaci kafin bikin. Abin da take son ji kenan kawai. Don uwar Dilafruz ta riga ta aiko a cikin ladabi cewa in Buvi ba ta samu sauƙi ba kada a damu, akwai wata gwaggonsu da ta iya. Buvi ta ji saƙon ta yi murmushi ta ce Allah ya saka, da 'yar aiken ta fita ta ce, “Gwaggon da ta ɗaure jikanta kansa ya baje kamar faranti? A kan gawata.”

To a nan ne Hola Tursunoy, wato Inna Tursunoy, ta shigo maganar. Ƙawar Buvi ce tun suna 'yan mata a gonar auduga, haƙoranta na gaba duk zinariya, kullum da ƙunshi a hammata. Kowace la'asar sai ta zo, kuma tana zuwa Buvi za ta aike ni, je ki cika tulun shayi, je ki sayo gurasa mai zafi ba wannan ta asibiti mai kama da takalmi ba. Ni kuwa murna nake in sha iska. Wani abu dai ya fara ba ni mamaki, akwai wata mage a harabar asibitin da ke shigowa ta taga, da can gadon wata mata mai cin kifi take zuwa, sai kawai ta dawo gadonmu, ta hau ta dinga shinshinar gefen Buvi, a kore ta ta dawo. Buvi ta ce dabba ma ta san mutumin kirki.

Wata la'asar na je ɗibar ruwan zafi na tarar tukunyar ta lalace, na dawo da wuri. Na ɗaga labule na ga Hola Tursunoy ta ɗaga gefen bandejin, tana cusa wani abu fari siriri a ƙarƙashi, a kan ɗinkin. Dumba ce, kitsen jelar rago, ta yanka fale-fale ta ɗumama a jikin tulun shayi. Ashe kwana da kwanaki suna yi, da yamma a sa, da asuba in na fita kawo ruwan alwala Buvi ta zare ta goge wurin da bakin ɗankwalinta ta manne bandejin kafin nas ta zo.

Na ce, “Buvi, me kuke yi haka?”

Hola Tursunoy ta ce, “Rufe labulen, 'yar nan, sai ka ce kin ga ana yanka mutum. Ƙashi ba ya haɗewa a bushe. Mijina da doki ya karya masa haƙarƙari da me na warkar da shi? Da ruwan roban nan nasu?”

Buvi ta ce, “Ke kanki da kina tari kina ƙarama me na shafa miki a ƙirji? Kin mutu?”

Gaskiya ne, ban mutu ba, kuma a gidanmu in ka buge ko ka gurɗe ko sanyi ya kama ka dumba ake nema kafin a nemi komai. Sai dai ban taɓa ganin an sa ta a kan wurin da aka yanka aka ɗinke ba. Na faɗi haka. Buvi ta kama hannuna ta matse, hannunta da zafi rau, ta ce, “Ina so ƙashin ya yi sauri ne, ba ki gane ba? In kika buɗe baki ɗan Mastura ya riƙe ni a nan, wata ta ɗaure yaron nan, to ki nemi wata kakar.”

Na ce, “Jikinku da zafi.”

Ta ce, “Shayi na sha.”

Da nas ta kawo ma'aunin zafi da yamma na lura da abin da take yi, ba ta matse shi a hammata, a saman riga take riƙe shi sako-sako tana ta ba nas ɗin labari don kada ta duba. In an tambaye ta ciwo ta ce babu, amma da za ta juya sai na ga ta cije leɓe.

Da safe aka ɗebi jini, kafin azahar sai ga Likita Eldor da kansa, ba dariya a fuskarsa. Ya jawo kujera ya zauna dab da gadon ya ce, “Buvi, munafukinku ya koma sama. Ya kusa ɗari.”

Ta ce, “Ƙarya yake yi. Ni lafiyata ƙalau, dubi.” Ta ɗaga hannu biyu kamar mai rawa.

Ya ce, “Na saurari ƙirjinku jiya, ba komai. Fitsari ma an duba, ba komai. Nas ta ce bakin ɗinkin ya ɗan yi ja. Zan duba da kaina.”

Ta ja bargo har wuya. “Ba namijin da zai buɗe mini jiki, balle wanda na san launin ɗuwawunsa.”

“Buvi, ni fa na yanka wurin.”

“Ina barci lokacin, wannan ba a lissafa shi.”

Matan ɗakin suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce, “Ku saurare ni da kyau. In ciwon a fata yake, a sama, abu ne mai sauƙi, mu wanke mu ba da magani. In ya gangara ya kai ga ƙarfen, sai mun koma ɗakin tiyata, wataƙila ba sau ɗaya ba, kuma ba maganar biki ake ba, maganar ko za ku sake takawa ake. Kwana ɗaya ma yana da bambanci. Akwai abin da ya taɓa wurin? Ruwa ya shiga? An shafa wani abu?”

Ta ce, “Babu.”

Sai ya juyo ya kalle ni.

A gidanmu in babba ya ce babu, to babu ne, ko da abin na kan kansa. Yaro ba ya ƙaryata tsoho a gaban baƙo, ko Baba da gashin bakinsa bai taɓa yi wa Buvi haka ba. Ga ta tana kallona, ba harara ba ma, da harara ce da sauƙi, kallon roƙo take mini, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne kalmar nan, ko za ku sake takawa. Na tuna wata tsohuwa a layinmu da ta karye haka ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, ana juya ta kamar gurasa a tanda har ta rasu. Ban san lokacin da na ce, “Dumba ake sa mata. Ƙarƙashin bandeji. Tun kwanaki.”

Buvi ta juya fuskarta bango.

Na zaci likita zai yi faɗa, har na shirya kuka. Sai ya shafa sanƙonsa ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Uwata ma da na karya hannu ina yaro ita ta naɗa mini. A kan fata mai lafiya ba ruwana, ku shafa har ku yi ƙyalli. Amma wannan ƙofa ce a buɗe har cikin ƙashi, Buvi, ɗanyen kitse kuma ƙwayoyin cuta yake kwasowa.” Ya ce wa nas ta kawo kayan aiki, ya ce in Buvi ta fi so mace ta buɗe, shi zai tsaya ya leƙa wurin ɗinkin kaɗai, sauran jiki a rufe da zani. Sai ta saki bargon.

Aka tura ta ɗakin wankin ciwo, ni aka bar ni a baranda. Na kira Yaya Sanjar ya taho a guje da kayan aikinsa na gareji, hannu duk baƙin mai. Hola Tursunoy ma ta iso da ƙunshinta kamar kullum, da ta ji abin da ake ciki ta zauna a ƙasa ta ja ɗankwali ta rufe fuska, tana cewa ita ta kashe ta, ita ta kashe Sharofat. Yaya ya ce, “Hola, ba wanda ya mutu, ku tashi mutane na kallo.” Ni kuwa ina ta kai da komo ina karanta duk surar da na iya, har wadda ban iya ƙarshenta ba.

Da likita ya fito ya ce sun warware ɗinki kaɗan, mugunya ta fito, sun wanke, sun ɗauki kaɗan za a duba irin ƙwayar. Ya ce a ganinsa abin a sama ya tsaya, naman da ke ƙasa a rufe yake, amma ba zai rantse ba, jinin ne zai nuna. In maganin ya kama, lambar za ta juyo ƙasa cikin 'yan kwanaki. In ta ƙi, to an san inda aka nufa. Ya kalli Hola Tursunoy ya ce, “Hola, ƙunshin nan in dumba ce a kai gida a sa a shinkafar osh.” Ta ce, “Ɗana, ko kallon rago ba na ƙara yi.”

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ana sa mata magani ta jijiya safe da yamma, ana wanke ciwon kullum, ita kuma ta daina yi mini magana. Ba zagi, ba aike, ba komai. In tana son ruwa sai ta ce wa matar gadon kusa, “Gaya wa yarinyar can mai dogon harshe ana jin ƙishi.” Ni in kawo, ta karɓa ba ta kalle ni ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo na ci gaba da tausa mata ƙafa, ba ta janye ba dai, wannan na riƙe.

Gwajin farko bayan wankin bai sauka sosai ba, ɗan kaɗan ne. Likita ya ce a yi haƙuri, bai hau ba, wannan ma labari ne. Na biyu ya faɗo zuwa sittin da wani abu. Ranar da nas ta leƙo ta ƙofa ta ce talatin, matar gadon kusa ta rangaɗa guɗa har aka zo daga wani ɗaki ana tambaya wa ya haihu. Zazzaɓin ya tafi, jan ya ragu, Buvi ta cinye kwanon miya ta ce ba gishiri. Kuma abin mamaki, ita da ke ɓoye hannu in an zo ɗibar jini, yanzu tun kafin nas ta ƙaraso ta naɗe hannun riga, tana cewa, “Ɗebi da yawa, ya faɗi gaskiya yau.”

Ana gobe biki aka sallame ta. Likita Eldor ya tsaya ya jero mata dokoki, magani za ta ci gaba da sha a gida, za ta dawo a sake ɗibar jini, ba cire bandeji, kuma ba zama a ƙasa, ba tsuguno, ba tanƙwashe ƙafa, sai kujera mai tsayi da gado. Ta ce, “To a ina zan ɗaure yaron, a kan bishiya?” Ya ce, “Wannan kuma ku kuka san shi, ni ƙashi na karanta.”

Ranar bikin gidanmu ya cika maƙil, maza a waje wajen tukunyar osh, mata a ciki, masu kakaki suka rako dangin Dilafruz da beshik sabo fil an lulluɓe shi da ƙyalle mai sheƙi. Aka ajiye shi a ƙasa a tsakiyar ɗaki kamar yadda ake yi, mata suka zazzauna kewaye. Aka shigo da Buvi tana tura ƙarfenta, ta sha farin ɗankwali. Ta tsaya a gaban gadon, ta kalle shi can ƙasa, sai na ga ta fara lanƙwasa gwiwa a hankali, tana ƙoƙarin sauka.

Na ce, “Buvi.”

Ta tsaya. Kowa ya san labarin dumba, Hola Tursunoy ta riga ta baza shi da kanta. Buvi ta daɗe a haka, rabi a tsaye rabi a sunkuye, sannan ta miƙe ta ce, “Ku kira Sanjar. A ɗauki gadon nan a kai shi kan dakalin katako na ƙarƙashin inabi.”

Uwar Dilafruz ta ce, “Buvi, a yi haƙuri, ni dai tun da nake ban taɓa ganin an ɗora beshik a sama ba.”

Ta ce, “To yau kin gani, 'yata. In aka tambaye ki ki ce ni na ce.”

Aka kwashe taro aka koma tsakar gida. A kan dakalin gadon ya zo mata daidai ƙugu. Ta sa aka zagaya shi da hayaƙin isirik, ciyawar da ake turarawa don korar sharri, ta cusa wuƙa da gutsuren gurasa ƙarƙashin katifa, ta shimfiɗa ɗan bargon nan da ta faɗo a kansa. Aka miƙo yaron, jawur da shi yana wutsil-wutsil. Ta kwantar da shi a karkace ta ɗaga murya ta ce, “Haka ne?” Mata suka ce, “A'a!” Ta juya shi kai a wajen ƙafa ta ce, “Haka ne?” Aka ce, “A'a!” ana dariya. Ta kwantar da shi daidai, aka ce, “E, haka ne!” Aka watso alewa ta ko'ina, yara suka yi ca.

Saura ɗauri. Ɗaurin hannu biyu yake so, a ja maɗaurin a zagaya a ƙulle a jikin sandar, ita kuma hannunta ɗaya na kan ƙarfe, in ta saki faɗuwa za ta yi. Na ga gwaggon nan tasu ta fara gyara zama za ta taso. Buvi ba ta ko waiga ba ta ce, “Zebo. Ke mai dogon harshe, zo ki riƙe nan.”

Maganar farko kenan da ta yi mini kai tsaye tun ranar. Na taho. Ta ɗora hannunta a kan nawa, ta ce ja, na ja, ta ce ba haka ba buhun albasa kike ɗaurewa, sassauta, sa yatsa biyu a ƙarƙashi ki ji ko zai yi numfashi. Na sa. Ta ce to zagaya. Na zagaya, ita ta ƙulle da hannu ɗaya da haƙori. Ta kaɗa gadon sau ɗaya a hankali tana addu'a, yaron ya yi hamma ya lumshe ido, mata suka shafa fatiha.

Aka kawo mata kujera ta ƙi zama sai da ta ga ya yi barci sosai. Da ta zauna gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ta jawo ni ta raɗa mini cewa in duba mata bandejin a ɗaki kada kowa ya gani. Na duba, a bushe yake tas.

Yanzu tana gida. An sayo mata gado, ta ce kamar an kwantar da ita a kan tebur a kasuwa, amma tana kwana a kai. Ta koma an sake ɗibar jini, munafukin ya sauka ƙasa da goma, likita ya ce saura sau ɗaya a duba sannan ya ƙyale ta. Jiya ta taka da ƙarfenta har ƙofar gida ita kaɗai, ta tsaya tana yi wa mai sayar da kankana faɗa wai nasa ba su nuna ba, ni ina bayanta da kujera ta ce in mayar, ba ta gama ba tukuna.